Mai Farautar Wuta

Shekara talatin da ɗaya na yi a bakin kwalta a Garwa,
kwalabe a jere, mai a ciki ja kamar zoɓo,
ina sayar da zuwa-zuwa, lita da rabin lita.
Hannuna ya sha fetur har uwargida ta ce
tuwon da na taɓa, ashana kaɗai yake jira.

Yau ga ni cikin motar da ba ta shan komai sai lantarki.
'Yata Kubura ta aiko ta daga Duwala a bayan tirela,
ta ce, Baba, ka huta.
Hutu, ga mai ƙaiƙayin tafin ƙafa?

Ba ta tari da asuba, ba ta gurnani a hawa.
Awakin Pitowa ba sa jin zuwanta,
sai na leƙo ta taga na ce musu gafara dai.

Tsarana wasu tattabaru suke kiwo,
wasu dara suke bugawa a gindin darbejiya.
Ni wuraren caji nake farauta,
ina rubuta su a tsohon littafin bashi,
a shafukan da suka rage
bayan sunayen waɗanda ba su biya ba.

Na ɗaya, shagon Hamadiko mai walda a Figil.
Ya dubi wayata, ya dube ni,
ya ce, in ta ƙona mini mita, motar ta zama tawa.
Awa tara muna zaune.
Na ci gyaɗar dala arba'in,
na san sunan karensa da ciwon gwiwarsa.

Na huɗu, injin niƙan Inna Dudu a Gidar,
faranti goma sha biyu a kan rufi suna kiwon rana.
Sai mata sun gama niƙa dawa ake ba ni layi.
Na fito fari fat, gemu da gira,
batir ya ƙaru da kashi talatin,
ni na ƙaru da shari'ar gona uku.

Lagdo ce ta bakwai.
Ga ruwa, ga madatsa, ga turaku sun miƙa wuya,
wuta kuwa ta ɗauke tun hantsi.
A gidan mai gishiri aka ba ni miya lami.
Na kwana wajen masunta, muka gasa karfasa,
dorina tana atishawa cikin duhu.
Na rubuta: babu caji, amma a koma.

Jandarma ya tsayar da ni a Muturwa,
ya ce buɗe gaba.
Ya tarar da sallaya, buta, da rabin buhun albasa.
Ina injin? Ka sayar?
Har na ɓace yana leƙen ƙarƙashinta a zuci.

A dā minti biyu nake ganin matafiyi,
in zuba, ya biya, ya bar mini hayaƙi.
Yanzu waya ta ɗaure ni kamar akuya a turke,
dole in zauna, dole in ji.

Ranar Talata, tsakanin Marwa da Mindif,
allo ya nuna saura kashi huɗu.
Na kashe sanyi, na kashe rediyo,
na rage har numfashina.
Haƙorin dutsen yana can, ya ƙi matsowa.

Sai ga yaro a bakin hanya da kwalabe shida,
ya ɗaga mazurari yana kaɗawa,
daidai yadda nake yi,
har karkata kafaɗar.
Ya biyo ni da gudu, Alhaji, mai kyau ne, ba gauraye!

Na tsaya.
Ban iya ce masa komai ba.
Na sayi lita guda, ban nemi ragi ba.

Tana nan a bayan mota, na naɗe ta da tsumma.
Wani dare in caji ya yi nisa, gari ya yi shiru,
nakan buɗe murfin kaɗan in shaƙa.

Saura shafi tara a littafin.
An ce a Kusiri, kafin gada,
akwai wani tela mai soket uku.