Mai Gyaran Sikeli

Shekara goma sha ɗaya na yi a ofis
ina buga hatimi kan takardun da ban karanta ba.
Babana kuza ya haƙa a Bukuru.
Raminsa yanzu kududdufi ne, ruwa kore shar.
Ni ko rami ban bari ba.

Wata Laraba a Farin Gada
Ngo Kaneng ta sauke dankalinta,
aka auna, aka ce kilo arba'in.
Ta ce, "Wuyana hamsin ya ɗauko."
Aka yi dariya. Ni ban yi ba.
Na buɗe cikin sikelin da ƙusa,
na tarar an ɗaure masa harshe.

Rumfata yau ba ta fi tabarma biyu ba.
Jiya Alhaji Ɗanjummai ya yi sammako cikin sanyi,
ya ce in ɗan karkata masa allura,
ya ajiye kuɗin hayar wata uku.
Wallahi na daɗe ina kallonsu
kafin in tura masa abinsa.

Da dare Talatu ta yi gwaten acca, babu nama.
Na sha kwano biyu,
na yi barci har na makara.