Allura ta Huɗu

Da allura uku aka ƙero motata:
ta gudu, ta fetur, ta ruwa.
Ta gudu ta mutu tun a hannun mai ita na fari.
Ta fetur takan yi ƙarya, amma mun san halin juna.
Ta ruwa ce na ba amana,
har ranar da na hau tudun Mampong
da doya ƙwarya biyu da fasinja huɗu.
Tana zaune daram a tsakiya kamar shaidar da aka saya,
injin kuwa na soyuwa cikin mansa.
Ya yi tari sau biyu, ya buga.
Kuɗin kwanon rufin ɗakina suka bi hayaƙi
ina tsaye a bakin kwalta da jarka a hannu.

Wata uku ina cin bashi kafin ya sake numfashi.

Ranar Talata na shiga Magazin, can Suame,
inda ƙasa ta sha baƙin mai har ta manta launinta.
A rumfar Opoku, cikin kwandon tarkace,
na tono ma'aunin zafin mai,
faɗinsa bai wuce murfin gwangwanin madara ba,
gilashinsa da tsaga kamar gashi ɗaya.
Ya ce ɗari uku. Na ajiye, na juya.
Muka rabu a ɗari da tamanin, kowa na rantsuwa an kwaɗe shi.

Masta Bawa ya shimfiɗa kwali, ya shige ƙarƙashi,
ƙafafunsa kaɗai ke waje suna ba da umarni.
Ya kwance notin kwanon mai,
tsohon mai ya zubo, baƙi, da ɗumi, kamar shayin da aka manta.
Ya ɗaura bakin ma'aunin a gurbin, ya ɗaure,
ya ƙara rabin juyi don shaiɗan.
Ramin da waya za ta bi ya ƙi yatsunsa,
sai ya kira Abena, yarinyar da ke koyon aiki,
ta zura hannu, ta jawo ta kamar zare a kafar allura.
Ja zuwa fiyus, baƙa zuwa jikin ƙarfe.
Ya ce: "Daga yau ba ka da uzuri."

Ban gane ba sai a cunkoson Kejetia.
Allurar ta farka, ta yi miƙa,
tamanin, casa'in, ɗari,
tana hawa kamar farashin shinkafa.
Da can waƙa nake bi a rediyo a daidai wurin nan,
yau idona ɗaya a hanya, ɗaya a kanta.
A ɗari da ashirin na faka gaban masallacin Aboabo na kashe.
Wata mai tallar kifi ta zage ni da harshe biyu,
ta sauka ba ta biya ba.
Na zauna ina sauraron ƙarfe yana huce fushi,
ƙas, ƙas, ƙas.

Ashe rashin sani ma matashi ne,
na sayar da shi da kuɗina.

Da dare na ba Fusena labari,
har da zana mata lambobin a bayan kwalin ashana.
Ta bar tuwo ya huce, tana kallona.
Ta ce: "Kai ma ruwanka kullum a tsakiya yake.
In na tambaya, lafiya lau.
In Opoku ya aiko, lafiya lau.
Damina ta zubo mana a kan gado, lafiya lau."
Sai ta ɗora bayan hannunta a ƙirjina,
can ƙasa, inda babu mai dubawa,
ta daɗe ba ta ɗauke ba.

Na ce: "Nawa ya nuna?"

Ta ce: "Faka tukuna."