Guringuntsi

Shekara talatin da ɗaya ina fawa a Maradi,
wuƙata ta san hanyar kowace gaɓa.
Guringuntsi kuwa gyara nake ba da shi,
in miƙa wa yaran da aka aiko sayen na miya,
su tafi suna gurgura, ƙurus-ƙurus, har bakin titi.
Ban taɓa ɗora shi a kan sikeli ba.

Ranar Lahadi, bayan la'asar,
Tasi'u ya tare ƙwallo da ƙirji,
ya juya hagu, takalmin ya ƙi bin sa.
Babu wanda ya taɓa shi.
Wannan ne ke ci mini rai har yau,
ba ni da wanda zan zaga.
Ina can sama cikin 'yan kallo da gyaɗa a hannu,
fili ya cika da ihu,
amma na rantse na ji ƙarar,
ɗas,
irin wadda nake ji kowace asuba a mahauta.

Muka kai shi Tibiri wurin maɗori.
Tsoho ya tofa, ya shafa, ya lalubi ƙafar har ƙugu,
ya ce, "Ƙashi lafiya lau yake.
Abin da ya ɓaci ba ya cikin abin da na gada."
Ko goro bai karɓa ba.

Likita ta lanƙwasa gwiwar, ta murɗa, yaro ya ciji leɓe.
Ta ce hoton ƙashi ba ya nuna wannan,
sai babbar na'ura, sai a tafi Yamai.
Ta yi Faransanci, ta koma Hausa, ta zana da biro.
Tasi'u na gyaɗa kai, bai gane ba.
Ni na gane tun ba ta rufe baki ba.

Da dare na zo gida da ƙafar rago.
Na shimfiɗa takardar siminti a gabansa,
na ce wa Haule ta matso da fitila,
na tsaga gwiwar a hankali, yadda ban saba ba.
"Ga shi nan.
Wannan farin mai santsi kamar tangaran.
Waɗannan biyu masu kama da jinjirin wata,
gammo ne Allah ya naɗa tsakanin ƙashi da ƙashi.
Duba da kyau, ba jini.
Inda jini bai cika zuwa ba, sauƙi ma nawa yake yi."
Ya sa yatsa ya danna.
Ya ce, "Baba, ɗan wannan?"
Na ce, "Ɗan wannan."

Mutumin da ya zo bara da takarda da alkawarin jirgi,
wanda ya ci tuwo a zauren nan ya side hannu,
yanzu wayarsa kullum a kashe take.
Ƙungiya ta aiko da jikka ashirin da gaisuwa.
An ba wani yaro daga Zariya lamba tara.

Haule ta ce a riƙa ba shi farfesun ƙafa,
wai iri yana neman irinsa.
Na san ba haka ciki ke rabo ba,
amma kullum ina kawowa.

A masallacin Mokoyo akwai kujeru uku a ƙarshen sahu.
Biyu na tsofaffi ne.
Shekararsa ashirin da biyu.
In liman ya yi sujada, sai in ji shi a bayana
yana sunkuyar da kai iya inda kai zai kai.

Na sayar da bijimin da nake kiwo don babbar Salla.
Motar Yamai na tashi jibi da asuba.

Ɗazu wata yarinya ta sayi na ɗari biyu,
ta tsaya ba ta tafi ba, tana jiran gyara.
Na ɗauko farin nan a bakin wuƙa,
na daɗe ina kallon sa,
har ta ce, "Baba, ƙuda."
Na ajiye shi gefe,
na yanko mata tsoka.