Mai Akwatin Takarda

Osaka, bayan yaƙi, unguwar Nishinari,
rabin gidajenmu kwano ne, rabi toka,
da la'asar duk muna kasa kunne bakin hanya.

Ƙwal! Ƙwal! An gwara katako biyu,
kowa ya san tsoho Torakichi ya iso,
keke mai kuka, akwati ɗaure da igiya.

Mai kuɗi ya sayi alewa ya tsaya gaba,
alewar nan mai danƙo da ake murzawa a tsinke
har sai ta yi fari.
Mu da aljihunmu iska ce, wurinmu can baya.

Ni Kinue, 'yar mai wankin kayan mutane,
shekara biyu ban lashi alewarsa ba,
amma ko shafi guda bai wuce ni ba.
Ina ɗage bisa tubali, ƙanena a goye,
ina leƙe tsakanin kunnuwan yara, ba kunya.

Ya buɗe ƙofofin akwatin, su uku,
ya zura takarda: ga teku, ga jirgin masunta.
Hoton ba ya motsi, shi ke motsa shi.
A maƙogwaro guda ya tara dila da dodo,
da tsohuwa mai tari, da yarinya mai dariya.

A bakinsa na ji abin da ya sa
ake sakin fitilu a kogi cikin bazara,
wai don matattu in sun zo gaishe mu
kada su ɓata a komawa, su gane hanya.

Hannunsa na hagu yatsu uku ne.
Bai taɓa faɗin inda sauran suka tafi ba,
sai dai in jirgi ya nutse a labarinsa
yakan daɗe bai zaro takardar gaba ba.
Mu yara mu yi tsit, ba mu san dalili ba.
Iyayenmu da ke nesa, kamar ba sa ji,
su ke sunkuyar da kai ɗaya bayan ɗaya.

Ga shi da mugun hali!
Daidai sanda dodo ya ɗaga ƙafa
sai ya rufe akwati: "Saura sai gobe."
Mu yi ta magiya, ya haye kekensa.
A shekarun da ba mai amincewa da gobe,
shi ya sa unguwa guda, da yunwarta,
ta kwana tana ɗokin safiya.

Sai mai gyaran rediyo ya kafa nasa akwatin a taga,
mai haske, mai magana da kansa,
ba ya neman a sayi alewa.
Yara suka ɗunguma can.
Har da ni, in dai zan faɗi gaskiya.

Wata rana aka aike ni sayen awara,
kuɗi a dunƙule a hannuna,
na ji ƙwal, ƙwal, a bayan gidan wanka.
Shi kaɗai ne, da keken, da wani kare.
Na miƙa kuɗin awarar, na ce alewa.
Ya dube ni, ya ce, "Ke ce ta kan tubali.
Dominki nake ɗaga murya."

Na tsaya gaba, karo na farko,
alewar na narkewa ban ko lasa ba.
Ya yi dila, ya yi dodo, ya yi tsohuwa,
dodo ya ɗaga ƙafa, na jira ya rufe,
sai ya zaro wata takardar, da wata,
har masunta suka iso gida.
Bai ce sai gobe ba.
Nan na gane, na riƙe kukana da wuya.

Uwata ba ta tambayi awara ba.
Ta dubi tsinken, ta ci gaba da wankinta.

Yanzu jikokina ke zama gabana.
Ba ni da akwati, ba ni da keke,
cokula biyu nake gwarawa.
In dodo ya ɗaga ƙafa sai in yi shiru,
su yi ta jan rigata, in ce sai gobe,
ko da kuwa na san ƙarshen tun jiya.