Wuƙa a Kube

Shekara talatin da wuƙa nake ci,
ni Assumana, mahaucin Garkawa.
Na san inda jijiya ke kwana cikin rago,
na san wata mai kaurin yatsa a gindin ƙugu,
shuɗiya, mai laushi, ba ta son wasa.
Ban taɓa tuna Habsu ma tana da irinta ba.

Ran Lahadi, kasuwar Tawa na ci,
ta sunkuya ta ɗauki kwandon albasa.
Ba wanda ya buge ta. Ba ta faɗi ba.
Cewa kawai ta yi, "Wani abu ya tsinke mini,"
ta dafe ƙugun hagu, ta zauna bisa turmi.
Kafin la'asar leɓenta ya koma toka,
ƙafa ta kumbura, zufa sanyi ƙalau,
kuma ko ɗigo ɗaya bai fito waje ba.

A babban asibiti suka shafa mata mai a mara,
suka bi ciki da na'ura.
Dakta Salamatu ta nuna min wani baƙi a allo:
"Wannan tabkin da ka gani, jini ne.
Jijiya ta fashe da kanta."

Na ce, to a yanka mana!
A buɗe, a kama bakin, a ɗaure!
Abin da na sani ke nan.

Ta dubi hannuna, ta ga sana'ata.
"Malam, jinin da ya zuba ya daskare,
shi ya danne ɓarakar kamar yumɓu a bakin tulu.
In na buɗe yanzu, na ɗauke marfin.
Wuƙata na nan a wanke, ɗakin fiɗa a shirye.
In awo ya faɗi, ko tsakar dare ne, za mu shiga.
In ya tsaya, mu ma mu tsaya."

Tsayawa.
Ban san aiki ba ne sai a makon nan.

Aka ce jini ake so, leda huɗu.
Kafin in rufe baki rumfarmu ta watse:
ga Alhu, ga Cindo, ga Ɗan Tanin da gurguwar ƙafarsa,
mutanen da kullum ke zubar da jini a kwata
sun jeru a benci, sun naɗe hannun riga.
Cindo, mai kayar da bijimi shi kaɗai,
ya ga allura ya kau da kai.

Habsu kwance, an hana ta ko juyi.
Ruwa na ɗiga, jini na ɗiga,
ni ina ƙirga su kamar carbi.
Kowace sa'a a ɗaura mata ƙyalle a dantse,
a matsa, a saurara, a rubuta.
Ban iya boko ba, fuskar mai rubutun nake karantawa.
Dare na biyu wuta ta ɗauke,
da fitilar salula aka yi awon.
Dare na uku ta buɗe ido ta ce,
"Wa ya kwashe albasar nan daga rana?"
Na fita bayan ɗaki, ƙarƙashin dogon yaro,
na yi abin da ban yi ba ran da aka rufe babana.

Kwana tara, tabkin allo ya fara janyewa
kamar tabkin bayan gari in damina ta wuce.
Kwana goma sha biyu ta taka ƙasa,
doguwar safa matse da ƙafarta,
taku huɗu zuwa taga, taku huɗu dawowa.
Cikinta sumul. Ba zare, ba tabo.

Na kai wa Dakta cinyar rago, ta ƙi karɓa.
Ta ce in kai wa Habsu hanta, jini take nema.

Yanzu da asuba in na feɗe dabba,
na iso gindin ƙugu, wurin shuɗiyar nan,
hannuna kan ɗan dakata.
Yaran rumfa na cewa tsufa ne ya kama Baba.
Ina jin su.
Ban ce musu komai ba.