Wutsiyar Kalma

Daren Talata, an tashi daga kamfanin kifi.
Mu goma sha ɗaya a ɗakin ƙasan coci, a Grimsby,
ƙarnin teku bai bar rigunanmu ba,
hita na tari a lungu kamar tsohuwa mai mura.

Malama Pritchard ta rubuta a farin allo:
cold, colder, coldest.
Ta ce gajeriyar kalma wutsiya ake ɗaura mata.
In biyu kake aunawa, ga er.
In ɗaya ya kere sa'a, ya bar kowa a baya, ga est.
Vytautas ya hura tafin hannunsa,
ya ce wannan darasi tun daga tashar bas ya haddace shi.

Doguwar kalma kuwa ba ta ɗaukar wutsiya,
kayan da ke kanta sun ishe ta.
Ɗan rakiya ake sa mata a gaba: more, most.
Viorica ta ce beautifuller, da ƙarfinta,
muka bushe da dariya, har da ita,
ni ma da na rubuta haka na rufe da gwiwar hannu.

Big ta ci ta ƙoshi, ta ninka harafin ƙarshe.
Happy ta rusuna, y ta koma i.
Sai ga 'ya'yan da ba su ɗauko kamar ubansu ba:
good ya haifi better, better ya haifi best.
Bad, worse, worst.
Wannan kam ba wanda ya ce a maimaita.

Saura minti goma ta ce kowa ya yi jimla a kan gidansu.
Na auna ƙafar ɗana da tawa, na gama.
Rebwar, mai wanke injin niƙan ƙanƙara,
furfura har cikin gira,
ya rubuta: My brother is older than me.
Ya goge. Ya sake rubutawa.
Takardar ta fara hujewa.

Ya ɗaga hannu kamar yaron firamare.
Ya ce, Malama, yayana ya tsaya a ashirin da uku,
a kan hanyar dutse, cikin hunturu.
Ni ban tsaya ba.
Yau ina da hamsin da biyu.
To wane ne older?

Hita ta yi shiru.
Alƙalamin allo na bushewa a hannun Malama, ba murfi.
Can ta juya, ta rubuta a ƙasa, da ƙananan haruffa:
elder.
Ta ce wannan tsohuwar kalma ce, ta cikin gida.
Ba ruwanta da ƙidayar shekaru,
wanda ya riga zuwa kawai ta sani.
Kuma ba ta zama kusa da than.
Ba a ɗora ta a sikeli da kowa.

Rebwar ya buɗe sabon shafi.
My elder brother.
Ya tsaya nan. Bai sa aya ba,
Malama ma ba ta ce ya sa ba.

A waje yayyafi ya zama ruwa sosai.
Bas mai lamba bakwai ta makara, kamar kullum.
Vytautas na tsalle-tsalle yana cewa coldest, coldest,
Rebwar kuwa ya cusa littafin cikin kwat,
ta ɓangaren hagu,
ya ja zif har wuya.