Lissafin Gyaɗa

Bara na sayi rago da baki,
wajen Ɗan Tanin dillali.
Fari tas, ƙahonsa nadi biyu.
Da na jawo shi ta cikin Bagalam
har masu shayi suka miƙe suna kallo.
Kwana uku muna cin nama,
wata bakwai ina cin kunya.

In na hango rawaninsa a Babbar Kasuwa
sai in karya kan babur in faɗa lungu,
fasinja a bayana yana cewa:
Malam, ai ba nan ce hanyar asibiti ba.
Ragon da ƙashinsa ya daɗe a juji
bai bar tunkuyina ba.

Bana, saura kwana ashirin,
Barira ta shimfiɗa tabarma bayan lisha,
ta ɗebo gyaɗar da take ɓarewa don ƙuli,
ta ce kowace ƙwaya jika ɗaya ce.
Nawa ke cikin gwangwaninka?
Na ce arba'in da ɗaya.
Ta ce adashina ya kawo ashirin da biyar.
Ta ƙirga sittin da shida, ta ɗaure bakin buhu.

Sha huɗu ta tura gabas: yadin yara da kuɗin tela.
Biyar, takalmansu.
Tara ga shinkafa da mai da kayan miya,
ɗaya ga gawayi.
Huɗu ga tsohuwata a Tibiri,
wannan ba a taɓa shi.
Na saci biyu na ajiye gefen gwiwata,
don wata hula da na gani a Kadro.
Ta gani, ta yi kamar ba ta gani ba.
Uku ta tura ƙarƙashin tabarma,
ta ce Sallah kwana biyu ce,
zazzaɓi kuwa ba ya duba wata.

Saura ashirin da takwas.
Na ce wannan ko gurgun rago ba ta saye.
Ta ce tana sayen jan bunsuru, ɗan garinmu,
kuma Mai karɓa bai ce sai mai ƙaho nadi biyu ba.
Na ce, me mutane za su ce?
Ta ce, cikin waɗanda suka suɗe hannu bara
wa ya raka ka gidan Ɗan Tanin?

Muna cikin haka Nomau ya rarrafo daga barci,
ya miƙa hannu kan tsibin takalma,
ya jefa biyu a baki.
Zinariya ta fashe da dariya:
Baba, ya cinye takalminsa na hagu!

Na kai hannu buhu in cike gurbin.
Barira ta riƙe wuyan hannuna.
Ta ce, daga ina za ka ɗebo?
Na ce gyaɗa ce kawai.
Ta ce bara ma haka ka ce, rago ne kawai.
Abin da ba ya kan tabarmar nan
sunansa bashi.

Na daɗe ina kallon biyun da ke gefen gwiwata.
Sannan na tura su da yatsa
har suka isa wurin takalma.

Jiya na yi kiciɓis da Ɗan Tanin a mararraba.
Ban karya kan babur ba.
Ya ce akwai wani balami, kai ya dace da shi,
ɗauka, ka biya a hankali.
Na shafa aljihu, na ji ƙwayoyin nan ashirin da takwas
ƙulle a leda.
Na ce Allah ya kawo kasuwa.

Ga bunsurun can ɗaure a gindin zogale,
sai kuka yake kamar shi ake bi bashi.
Barira ta wanke tsohuwar hulata,
ta kifa ta a kan ƙwarya.
Inda zaren ya warware, ta baya ne.
Sahun gaba zan tsaya a idi,
wanda ya ga dama ya kalla.